Kicin Ya Cinye Ɗakin Gwaggo

Ranar da aka shimfiɗa takardar zanen gida a kan teburin falo, Gwaggo ce ta kawo ruwan sha. Ta ajiye tire za ta juya, sai Manaja ya ce, "Gwaggo, zauna mana. Ai da ke za a yi. A gidan nan ba a yanke shawara sai da babba."

Ta ɗosana a bakin kujera. Shekararta goma sha tara a gidan ɗan yayan nan nata, ita ce girki, ita ce renon yara, amma yau ne karo na farko da aka ce da ita za a yi. Har gyara ɗaurin kallabi ta yi.

Injiniya, ƙanen Madam matar gidan, shi ya yi zanen, shi kuma yake bayani da biro a hannu.

"Nan falo ne, za a ɗaga silin. Nan ɗakin Yaya. Nan na 'yan mata. Nan kuma," ya zagaye wani makeken fili, "kicin ke nan. Ya ninka na da sau biyu da rabi. Tebur na dutse a tsakiya, kabad tun daga ƙasa har sama."

Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ta san gidan da take sharewa. Ta bi layukan da ido tana ƙirga ɗakuna da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Ta kai ƙarshe, ta sake farowa daga baya.

"Ɗan nan," ta ce da Injiniya, "ni ban ga nawa ba."

Injiniya ya dubi yayarsa. Madam ta dubi mijinta. Manaja ya ɗauki kofi ya shanye ruwan tas, kamar wanda ya yini a gona.

"Naki yana kashi na biyu, Gwaggo," in ji Injiniya.

"A wace takardar?"

"Ba a zana ba tukuna."

Manaja ya yi gyaran murya. "Gwaggo, tsakani da Allah wannan ɗakin naki ɗaki ne? Akurki ne. Kullum na wuce ta ƙofar sai na ji kunya. Shi ya sa za a haɗe shi da kicin, ke kuma a gina miki sabo a bayan gida, da banɗakinki, da fankarki. Sati shida kacal."

"To a fara gina sabon mana. Ko kaza ba a rushe mata akurki sai an tanadar mata wani."

Injiniya ya yi 'yar dariyar masu ilimi. Ya ce aikin gini yana da tsari, ba a saka hula kafin wando. Madam kuma ta dafa gwiwar Gwaggo ta ce, "Kuma fa duk don ke ake yi. Wa ke shiga kicin ɗin in ba ke ba?"

Don a tabbatar mata da ita ake yi, aka jera mata tayil kala uku aka ce ta zaɓa. Ta zaɓi mai ruwan ƙasa, ta ce shi ne mai ɓoye datti. Aka yaba da hangen nesanta, aka ce babba babba ne. Washegari mota ta sauke fari.

Ranar Litinin Birkila ya iso da mutanensa shida. Wani gajeren mutum ne mai fensir a bayan kunne, ba ya shiga zancen da ba nasa ba. Ya shiga ɗakin Gwaggo da tef ɗin awo, ya rasa mai riƙe masa, sai ya miƙa mata bakin tef ɗin.

"Mama, ɗan danne mini nan."

Ta danne. Da hannunta aka auna ɗakinta, tsawo da faɗi. Da ya gama ya tsoma buroshi a jan fenti ya zabga wa bangon da ke kan gadonta alama.

"Wannan fa?"

"Na rushewa ne. Ɗakin waye?"

"Nawa."

Birkila ya sosa ƙeya da fensir. "Ki yafe ni, Mama. Ni guduma ce, inda aka nuna mini nake bugawa."

Tun da tsohon kicin ma za a fasa, aka kafa rumfar langa-langa a tsakar gida, aka kwashe tukwane aka kai can. Madam na zuwa ofis, 'yan mata na zuwa makaranta, saboda haka abincin ma'aikata ya hau kan Gwaggo. Da safe ta dafa musu shayi su sami ƙarfin ɗaga guduma, da rana ta zuba musu shinkafa su sami ƙarfin ƙarasawa. Tana juya miya tana jin bangonta na faɗuwa. Wani daga cikinsu har ƙari ya nema, ya ce rabon da ya ci abinci mai daɗin wannan tun yana gaban uwarsa.

Aka fara sauke ta a ɗakin 'yan mata. Yaran da ta goya a bayanta ne su biyun, suka karɓe ta da murna, murnar ta yi kwana tara. A na goma babbar ta sami uwarta ta ce man zafin da Gwaggo ke shafawa a gwiwa ya kama mata kayan makaranta, har ƙawaye na tambayarta ko ta yi targaɗe. Ƙaramar ta ce minshari ya hana ta haddace darasi, ga jarrabawa ta matso.

"Kin san karatun yaran yanzu," in ji Madam. "Falo ma ya fi iska."

Aka kai katifarta bayan doguwar kujera. Sharaɗi ɗaya ne: ta naɗe ta kafin kowa ya fito, kada baƙo ya shigo ya gani. Hutun rana kuwa babu shi, don ba a san lokacin da baƙo zai yi sallama ba. Gwaggo ta koyi gyangyaɗi a zaune a kan bokitin fenti.

Sati shida ya cika, ya wuce, bai ko waiwayo ba. Aikin silin ya iso falo, aka mayar da ita lungun da ke tsakanin banɗaki da ƙofar baya, inda aka jibge buhunan siminti. Nan tari ya kama ta. Tun tana yinsa a ɓoye cikin mayafi har ya fi ƙarfin mayafin.

Ta tare Manaja wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi.

"Ɗana, ina maganar kashi na biyun nan?"

"Gwaggo, kullum da ke nake kwana nake tashi. Amma kowa fa a takure yake. Ni nan da kike gani, sati uku ke nan ina wanka a banɗakin yara. Ni da gidana!"

"Sannu," ta ce. "Allah ya ba ka haƙuri."

Ya amsa da amin, da zuciya ɗaya, ya shiga mota.

Da tarin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Madam ta kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya tambayi inda take kwana. Gwaggo ta buɗe baki, Madam ta riga ta: "Ana ɗan gyare-gyare ne a gidan." Likita ya ce a raba ta da ƙura da danshi, in ba haka ba abin zai zauna mata. Manaja da ya ji, hankalinsa ya tashi ƙwarai. Da yamma sai ga shi da kwalin takunkumin rufe hanci, guda hamsin, mai kyau, ya ce kada ta yi tsimi, in ya ƙare ta yi magana.

Ya kuma ba da umarni a fitar da ita daga cikin siminti nan take. Aka kai ta gareji. Wurin da ya rage tsakanin mota da bango ya ɗauki katifa daidai, in dai ba a buɗe ƙofar motar ba. Kullum da safe sai ta jingine katifar a tsaye Manaja ya shiga ya tayar, hayaƙin ya gaishe ta kafin mai motar ya gaishe ta. Ruwan sama kuwa in ya sauko, ta ƙarƙashin ƙofa yake shigowa ya duba lafiyar akwatunanta.

Ba wanda ya zage ta a gidan nan, ba wanda ya ɗaga mata murya. Da ma an yi, da ta sami abin kai ƙara wurin dangi. Kowa "sannu Gwaggo", kowa "yi haƙuri Gwaggo", ana sannun ana matsar da katifa. Irin wannan zaluncin shi ya fi daɗewa, don mai yinsa da ladabi yake yi, har ya kwanta yana ganin kansa mutumin kirki.

A wata na bakwai aka gama kicin. Gaskiya a faɗe ta, ya yi kyau. Farin tayil sai ɗaukar ido yake, kabad ashirin da huɗu masu rufe kansu a hankali ba ƙara, murhun gas mai baki biyar, oben, da fitilu uku da suka sauko daga sama kan teburin dutse. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji rabin fushinta ya sauka. Ko ba komai, ta ce a ranta, bayanta zai huta da tsuguno. Ta koma rumfa ta rungumo manyan tukwanenta biyu.

"La la la! Gwaggo, ina za ki da su?" Madam ta tare ƙofa da hannu biyu.

"Girki zan ɗora."

"A nan? Da waɗannan baƙaƙen? Mai ɗaya ya fallatsa a tayil ɗin nan ya gama da shi. Kin san fari ba ya ɓoye datti."

"Na sani," in ji Gwaggo.

"Ai rumfar nan ta saba da ke, ki ci gaba a can. Nan na ɗan dafa shayi ne, da in an yi baƙi."

Gwaggo ta juya da tukwanenta. Ba ta tsaya a rumfa ba, ta zarce bayan gida, don ta duba filin da aka ce nan za a gina mata. Ta tarar an kafa ƙarafa huɗu, an ɗora musu tankin ruwa ƙato. Injiniya na tsaye a ƙasa yana ɗaukarsa hoto.

"Ɗan nan, a saman tankin zan kwana ko a ƙasansa?"

"Af, ba a gaya miki ba? Famfon sabon kicin yana son ruwa mai ƙarfi, dole tankin ya zauna kusa. Naki mun mayar da shi kashi na uku."

Ranar Asabar aka shirya tarbar 'yan ganin gida. Ogan Manaja na wurin aiki zai zo da matarsa, ga abokan aikin Madam. Tun da safe Gwaggo na rumfa tana dafa abincin mutum talatin, wanda za a juye a sababbin kwanuka a jera a kan teburin dutse kamar nan aka dafa shi. Wajen sha ɗaya Manaja ya leƙo.

"Gwaggo, motar Oga a gareji za ta tsaya, ba ya son rana ta dake ta. A ɗan kwashe katifar nan da akwatunan."

"In kai su ina?"

"Ko'ina, Gwaggo. Inda dai ido ba zai gani ba. Na yau ne kawai."

Ya fita sayen lemo. Madam ta tafi gyaran gashi da 'yan mata. Gidan ya rage daga Gwaggo sai Birkila da ke can bakin get yana ƙarasa shafe.

Ta sauke tukunyar ƙarshe, ta wanke hannu. Ta zagaya gidan ɗaki ɗaki tana neman inda ido ba zai gani ba. Ko'ina da mai shi, ko'ina da kayansa. Wuri ɗaya ne a duk gidan da ba mai kwana, ba mai girki, ba mai zama, ga kuma kabad ashirin da huɗu da babu ko cokali a cikin ashirin.

Tagar tsohon ɗakinta na nan, ba a taɓa ta ba, gilashi kawai aka canja. Daga jikin tagar ta auna taku uku, ta ja katifa ta shimfiɗa a bayan teburin dutse, daidai inda gadonta yake a da. Zannuwa ta jera su a kabad na sama, mayafai a na kusa da shi. Magunguna suka shiga durowar cokula, kowanne da gurbinsa, kamar don su aka yi ta. Takardun asibiti kuwa ta sa su a oben, don nan ne ta tabbata ɓera ba ya shiga. Ta jera kwanukan abinci a kan tebur yadda aka ce, ta kwanta. Rabonta da miƙe ƙafa da rana wata bakwai. Barci ya ɗauke ta nan da nan.

Masu gida suka dawo a gurguje, baƙi na biye da su. Madam ta leƙa kicin daga ƙofa, ta ga abinci a jere, ta ce madalla. Aka zagaya da baƙi falo, aka ɗaga kai aka yaba silin. Sannan aka zo wurin da ake ji da shi.

"Kai, kai, kai!" in ji matar Oga, wata doguwar mace mai tabarau wadda ba ta ganin ƙofa ta bar ta a rufe. "Wannan ai sai a kwana a ciki."

"Taɓa kabad ɗin ki gani, Hajiya," in ji Madam. "Da kansa yake rufewa."

Matar Oga ta buɗe. Zannuwa goma sha ɗaya a ninke, da ƙamshin man zafi. Ta buɗe na gaba, mayafai. Ta ja durowa, ga maganin tari, ga na hawan jini, ga kwalin takunkumi. Kafin Madam ta sami abin faɗa, sai aka ji tari daga bayan tebur, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Baƙi suka zagaya. Gwaggo ta tashi zaune a kan katifarta tana gyara kallabi.

"Maraba, maraba. Sannunku da zuwa. Ku yi haƙuri ban tanadi tabarma ba, yau na tare."

Wata daga cikin abokan aikin Madam ta tuntsire da dariya, ta mayar da ita tari. Manaja ya matsa kusa da Oga ya rage murya, amma ba yadda Gwaggo ba za ta ji ba.

"Gwaggona ce, ranka ya daɗe. Ka san tsufa. Kwanan nan takan ɗan rikice, ta manta inda take."

Duk abin da aka yi mata a wata bakwai bai soke ta kamar wannan ba. Yaron da ta wanke wa kashi ne yake sayar da hankalinta don ya sayi mutuncinsa. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Tsufa kam akwai shi," ta ce. "Rikicewa ce ba ta iso ba tukuna. Yau Asabar. Kwana tara na yi a ɗakin yara, sati biyar a bayan kujera, wata biyu a cikin siminti, sauran a gareji gefen taya. Yau aka ce in ba motar baƙo wuri. Ranka ya daɗe, motar taka ta sami inuwa?"

Matar Oga ta cire tabarau.

"Mama, ina ɗakinki yake?"

"Kina ciki, 'yata. Daga tagar can zuwa inda mijinki yake tsaye. Wannan fitilar ta tsakiya, nan nake rataye gidan sauro."

"Ai za a gina mata," Madam ta yi wuf ta ce. "Yana cikin tsari. Kin san gini, ba abu ne na kwana ɗaya ba."

"Na kwana nawa ne?" in ji matar Oga. Ta hango Birkila ta taga yana wanke cokalin gininsa, ta yafito shi. Ya shigo yana ɗaga ƙafa kada ya ɓata tayil. "Malam, ɗaki ɗaya da banɗaki, kwana nawa zai ɗauke ka?"

"In da kayan aiki a ƙasa, Hajiya, kwana goma. Sha biyu in an yi ruwa."

"Kayan ne suka yanke," in ji Manaja.

Birkila mutum ne da ba ya shiga zancen da ba nasa ba, amma bulo zancensa ne. "A'a, Alhaji, bulo ai ya ragu har ɗari uku. Su ne ka ce a zagaye wurin fulawa da su a ƙofar gida."

Kabad ɗin da matar Oga ta saki ya rufe kansa a hankali, ba ƙara. Gwaggo ta ce a zuba abinci kada ya huce, ta kuma gaya wa baƙi su ci da yawa, a rumfa aka dafa shi, can wutar ta fi kamawa.

Ranar Litinin da sassafe aka sauke tanki. Madam ta roƙi Gwaggo ta koma ɗakin 'yan mata kafin a gama, yaran ma sun ce sun yi kewarta. Gwaggo ta ce ta gode, nan ma lafiya lau, ba za ta motsa ba sai ta ga makulli a tafin hannunta. Matar Oga kuwa kullum sai ta sa mijinta ya tambayi Manaja a ofis inda aiki ya kai. Filin da aka ce babu ya samu. Kayan da aka ce sun yanke suka zo a mota biyu. Injiniya ya zana ɗakin a bayan ambulan cikin minti goma.

Wata da watanni tsohuwa na tari a gaban idonsu, bulo ɗaya bai motsa ba. Yini ɗaya baƙuwa ta buɗe kabad, gini ya tashi har da fenti. Ashe ba wuri ne ya yi ƙaranci a gidan ba, ba kuma lokaci ba. Ciwon Gwaggo ne bai da nauyin da kunyar Manaja take da shi. Gidaje nawa ne haka, an ƙawata inda baƙo zai gani, an tura wanda ya riƙe gidan inda ba a gani? Su kuwa ba kowa ne matar Oga za ta ziyarta ba.

A kwana na goma sha ɗaya Manaja ya tara iyalinsa a ƙofar sabon ɗaki, ya sa babbar 'yarsa ta ɗauki hoto yana miƙa makulli. Ya yi ɗan jawabi a kan haƙƙin manya. Gwaggo ta karɓa, ta gwada makullin sau biyu, ta ga yana buɗewa yana rufewa. Ta shiga ta kama ƙofa.

"Gwaggo," ya ce yana murmushi, "ko albarka ba ki sa mini ba."

"Albarka ai ta wanda ya yi gini ce, ɗana. In ka je ofis gobe, ka ce wa ogan naka ya gaida matarsa. Ka ce ɗakin ya yi."

Ta rufe ƙofarta, ta murɗa makulli daga ciki.